Shin mutum zai iya mayar da juyin halitta aƙidarsa ta rayuwa?

Dalibin_Bayoloji ya rubuta:

Assalamu alaikum yan uwa. Tambaya ce dani kuma dan Allah duk wanda zai amsa ya amsa min da ilimi, ba rigima nazo nema ba, abu ne da yake cin raina da gaske.

Ni dalibin bayoloji ne, tunda muka shiga karatun juyin halitta gadan gadan, wato yadda jinsunan halittu suke sauyawa a hankali cikin miliyoyin shekaru wasu su bace wasu su tsiro daga zuriyar wasu, sai naga abin ya wuce maganar cin jarabawa a wajena ya fara shiga yadda nake kallon mutane. In naga kishi sai ince ai wannan tsohon gado ne na kare zuriya, in naga uwa ta hana idonta bacci saboda jaririnta sai wani abu a raina yace kwayoyin gado ne kawai suke kare kansu, har tsoron maciji da son yabo da yadda muke kasa manta wanda ya cuce mu duk sai inga suna da bayani acan.

To akwai wani abokina da muke aji daya shi kam ya riga yayi nisa, yace shi yanzu ebolushon, wato juyin halittar, ce akidarsa kuma itace falsafarsa ta rayuwa, yace duniya gasa ce tun farkonta, mai karfi da mai wayo shi yake wanzuwa rago kuma yanayi ya share shi, dan haka shi bazai bata karfinsa wajen tausayin wanda bazai amfane shi da komai ba, kowa tasa ta fisshe shi. Wai kuma manufar rayuwa bata wuce ka rayu ka haihu ka bar zuriya ba, sauran abubuwan da muke kira kirki da mutunci da sadaukarwa duk ado ne muka yiwa son kai dan muji dadin kanmu.

Wlh zuciyata taki karbar maganarsa amma duk sanda muka zauna sai ya rufe min baki, saboda da na fara magana sai ya jawo hujjojin da nima na karanta kuma na gamsu dasu, kasusuwan Lucy, wata tsohuwar halitta mai kama da mutum, da aka tono a Habasha a 1974 masu shekara miliyan 3.2, kokon kan da aka samu a hamadar Chadi a 2001 wanda ake kiyasta shekarunsa kusan miliyan 7, da maganar kuromosom, wato kunshin kwayoyin gado, cewa namu na biyu yana dauke da alamar hadewar guda biyu, shi yasa namu jeri 23 ne na chimpanzi kuma 24. Sai yace to tunda ka yarda da wannan ai dole ka yarda da sauran, tsoro ne yasa kake so ka dauki rabi ka bar rabi.

Shine nake tambaya, da gaske ne duk wanda ya yarda da kimiyyar dole ya bita har inda abokina ya kai? Kuma akwai wanda a cikinku ya taba gwada gina rayuwarsa akan wannan ilimin, in akwai me ya samu a ciki? Nagode.

Ma'aikaciyar_Lab ta rubuta:

Wa alaikumussalam ƙanena. Ni juyin halitta ba labari bane a wajena, kullum ina ganinsa a wajen aiki. Idan aka kawo mana fitsari ko jinin mara lafiya muna shuka ƙwayoyin bakteriyar dake ciki akan faranti, sai mu ɗora wasu 'yan ƙananan takardu zagayayyu kowacce da irin maganin da aka jiƙa ta dashi, mu saka a na'urar ɗumi ya kwana. Da safe in ka ɗaga farantin ka haska, inda magani yake aiki zaka ga fili fes ya kewaye takardar babu abinda ya tsiro, inda kuma ya daina aiki zaka ga ƙwayoyin sun mamaye har jikin takardar kamar ba'a sa komai ba. Akwai ranar da zaka ɗaga faranti babu fili ko ɗaya, kuma ka san akwai mutum kwance a gado yana jiran wannan sakamakon. Ba wai ƙwayoyin sun yi shawara bane, a cikin miliyoyinsu akwai 'yan kaɗan da suka zo da wani ɗan sauyi a ƙwayar gadonsu, magani ya kashe sauran su suka rage suka hayayyafa, shikenan fa. Shi kansa Alexander Fleming da ya gano fenisilin a 1928, a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945 sai da yayi gargaɗin cewa in ana shan maganin ƙasa da ƙima za'a wayi gari ƙwayoyin sun zama masu jure masa. Haka klorokwin ya ƙare da zazzaɓin cizon sauro, maganin da a da ake ji dashi.

Dan haka bani da ja akan kimiyyar. Amma daga "haka abin yake faruwa" zuwa "haka ya kamata in rayu" akwai rami babba, abokinka tsallake shi yayi kuma ba bayoloji ce ta ɗora shi a ɗaya gefen ba.

Ɗauki sikila. Tun a 1954 wani mai bincike Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa masu AS sunfi samun kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, shi yasa wannan ƙwayar gadon ta yawaita a inda sauro yayi ƙamari, Afirka da wasu sassan Indiya da ƙasashen Larabawa. To amma da me aka biya wannan kariyar? Da yaran SS. AS ya auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS. A lissafin zaɓin yanayi, wato yadda yanayi yake tace abinda zai wanzu ya yaɗu, cinikin yayi riba tunda ƙwayar ta ci gaba da yaɗuwa, babu ruwansa da yaron da yake murƙususu cikin dare ƙasusuwansa na ciwo idonsa yayi rawaya, uwarsa na riƙe da hannunsa ta rasa me zata yi masa. Ni na sha ɗibar jinin irin yaran nan, wasu har sun san wace jijiya ce tafi sauƙin samu su miƙo maka hannun da kansu. In da ebolushon ce aƙidata ai sai ince a barsu yanayi yayi aikinsa, amma me muke yi? Ƙarin jini, folik asid, rigakafi, haidroksiyuriya, gwajin jinotaif kafin aure. Aikin asibiti gaba ɗayansa in ka duba faɗa ne da wannan tacewar ta yanayi, kuma da ilimin juyin halittar muke yin faɗan.

Sannan ka gaya masa ba lallai mai ƙarfi ne yake wanzuwa ba. Bakteriyar da ta jure magani sau da yawa in ka cire maganin ita ce ragguwa, 'yan uwanta sunfi ta saurin yaɗuwa. Dinaso, manyan dabbobin nan na zamanin da, sun shafe sama da shekara miliyan 150 a doron ƙasa, shekara miliyan 66 da suka wuce wani ƙaton dutse ya faɗo daga sama a yankin Meziko manyan suka ƙare, ƙananan dabbobi masu shayarwa suka tsira. Babu wanda ya cancanci komai a labarin nan, yanayi ne ya juya.

Baban_Khalifa ya rubuta:

Dan uwa ina maka nasiha saboda Allah, ka kula da imaninka, irin wannan karatun in babu tushe mai karfi yana tafiya da mutum a hankali bai sani ba. Cewa kwayoyin cuta suna sauyawa ko dabbobi suna sauyawa ni bani da matsala dashi, Allah ne ya tsara musu haka kuma Shi yake juya al'amarinsu. Amma maganar Annabi Adam alaihissalam nassi ne karara, Allah ya halicce shi daga yumbu ya busa masa rai ya umarci mala'iku suyi masa sujada, bashi da uwa bashi da uba, wannan ba wajen ciniki bane. Kuma manufar rayuwa an riga an gaya mana, ba'a halicci aljan da mutum ba sai dan bauta. Abokin nan naka kayi masa addu'a kada ka yanke shi, amma ka rage zaman muhawara dashi ku biyu, ka nemi malami mai fahimta wanda bazai kore ka ba dan kayi tambaya ka zauna dashi. Allah ya tabbatar damu.

Mai_Bin_Tarihi ya rubuta:

Hajiya ta gama da ɓangaren kimiyya, ni bari in zo ta tarihi domin abinda abokinka yake ji kamar shi ya gano, an gwada shi tun tuni kuma an ga inda ya kai mutane.

Darwin ya fitar da littafinsa akan asalin jinsunan halittu a 1859, kuma a cikinsa kusan bai taɓo mutum ba sam, tattabaru da tsirrai da ƙwari yake ta lissafi. Wanda ya shimfiɗa maganar akan zaman al'umma shine Herbert Spencer, shi ya fara cewa mafi dacewa shi ke tsira a 1864, kuma dama tun kafin littafin Darwin yana da ra'ayin gwamnati ta daina tallafawa talakawa wai hakan yana hana al'umma ta tace kanta. Wato zaman kashin dankali aka ɗauko aka sa masa rigar kimiyya. Daga nan Francis Galton, ɗan uwan Darwin ne na jini, a 1883 ya raɗawa wata da'awa suna, wai a inganta irin ɗan Adam yadda ake zaɓen irin dabbobi, waɗanda ake ganin nagari su yawaita haihuwa waɗanda aka ga basu da amfani a hana su. Kada ka ɗauka a takarda abin ya tsaya. A Amurka jihohi sun yi doka, kotun ƙolinsu ta amince a 1927, kuma an yiwa mutane sama da 60,000 aikin hana haihuwa na dole, matalauta da masu taɓin hankali da naƙasassu da baƙaƙe. Jamus ta Hitler ta yi tata dokar a 1933 aka yiwa kusan mutum 400,000, daga baya aka koma kashe naƙasassun kai tsaye. A 1906 an ɗauki wani bawan Allah ɗan Kwango mai suna Ota Benga an saka shi a ɓangaren birai na gidan namun dajin Bronx a New York, mutane suna tururuwa suna kallonsa, malaman cocin baƙar fata ne suka tada ƙayar baya kafin a fitar dashi, bayan shekara goma ya kashe kansa. A ƙasar da yanzu ake kira Namibiya bayan kisan ƙare dangin da Jamusawa suka yiwa Herero da Nama daga 1904 zuwa 1908, an kwashi ƙoƙunan kawunansu zuwa Jamus ana aunawa dan a tabbatar wai suna ƙasa a matakin halitta. Ka tambayi abokinka, a lissafin mutanen can shi a wane layi zasu saka shi.

Abinda zai ƙara nuna maka cewa kimiyyar bata ɗauke da aƙida a cikinta shine, a daidai wannan zamanin wani ɗan Rasha Peter Kropotkin da yayi shekaru yana bincike a Saberiya ya duba dabbobi cikin tsananin sanyi yaga masu haɗa kai su suke rayuwa, ya fitar da littafi a 1902 yana cewa taimakon juna babban ginshiƙi ne a juyin halitta, kuma shi mutum ne mai son a rushe gwamnati da jari hujja a zauna cikin taimakekeniya. Ilimi ɗaya fa, mai jari ya karanto gasa a ciki, ɗan gurguzu ya karanto haɗin kai, kowa abinda ya shigo dashi a zuciyarsa shi ya tarar. Kuma yanayi yana da duka biyun, akwai zakin da in ya ƙwace garke yake kashe 'ya'yan wanda ya kora, akwai kuma ƙudan zumar da take harbi ta mutu dan kare gidansu. Wanne zaka kwaikwaya? Duk wanda ka zaɓa, ma'aunin da kayi zaɓin dashi daga wani waje ka kawo shi, daga tarbiyya ko addini ko tunaninka. Masanin falsafa David Hume ya faɗi wannan tun wajen 1740, cewa bayanin yadda abu yake shi kaɗai baya haifar da hukuncin yadda ya kamata a yi.

Ko Thomas Huxley, wanda babu wanda ya kai shi kare Darwin a Ingila, a wata lacca da yayi a Oxford a 1893 cewa yayi cigaban ɗabi'ar mutane ba a kwaikwayon tsarin yanayi yake ba, a yaƙarsa yake. Jikansa Julian Huxley, shugaban UNESCO na farko, shi ne yayi ƙoƙarin mayar da kimiyyar juyin halitta wani addini marar wahayi, yana ta maganar cigaban ɗan Adam da kyakkyawar niyya, amma shi ɗin dai shi ya shugabanci ƙungiyar inganta irin ɗan Adam ta Birtaniya daga 1959 zuwa 1962, bayan duniya ta gama ganin abinda Jamus ta yi. Wannan yana bani tsoro ƙwarai, mutum mai ilimi irinsa ma da ya ɗora aƙida akan wannan tushen sai da ta ja shi wajen tantance wa ya cancanci a haifa.

Shi Darwin kansa ba waliyyi bane, yana da ra'ayin fifita wasu mutane akan wasu irin na Turawan zamaninsa kuma ya rubuta shi, amma ya tsani bautar da mutane wadda ya gani da idonsa a Barazil, kuma a littafinsa na 1871 akan asalin mutum ya nuna cewa ba zamu iya danne tausayinmu ga masu rauni ba ba tare da mun lalata ɓangare mafi daraja a ɗabi'armu ba. 'Yarsa Annie ta rasu tana da shekara 10 a 1851, bai ce yanayi ne ya tace ta ba, abin ya karya shi, ya zauna ya rubuta shafuka akan halinta har da yadda take zama tana gyara masa gashin kansa.

Matafiyi ya rubuta:

Ni kam zan dan saba daku kadan. Duk abinda Mai Bin Tarihi ya lissafo gaskiya ne, amma kada mu sa yaron nan yaji kamar ilimin nan bashi da abinda zai baiwa zuciya sai sharri. Ya tambaya ko akwai wanda ya gina rayuwarsa akai, ni dai ya gina min wani bangare babba na yadda nake kallon duniya kuma ban zama mugu ba.

Ya kashe min girman kai na kabila da launin fata har saiwarsa. Duk dan Adam dake raye yau daga Afirka asalinsa yake, mafi tsufan kasusuwan irinmu da aka samu a Jebel Irhoud ta Maroko sun kai shekara wajen 300,000, kuma in ka dauki mutum biyu ko daga ina suke DNA dinsu yayi daidai da kusan kashi 99.9 cikin dari, bambancin gado dake tsakanin yan Afirka su kansu ma yafi na kowace nahiya yawa. Wato ilimin da wadancan suka fake dashi suna auna kawunan mutane, shi din ne da ya girma ya karyata su. Dan haka in wani yazo min da maganar wai su jininsu daban ne, ba haushi kadai nake ji ba, nasan karya yake a kimiyyance.

Sannan ya koya min hakuri da kaina da mutane. Da na fahimci cewa saurin fushina da yadda nake fifita nawa akan bare duk kaya ne da muka gado daga zamanin da rayuwa take cike da hadari, sai na daina ganin kaina a matsayin lalatacce amma kuma ban basu uzuri ba, in fushi ya taso nasan daga ina yake nasan ba lallai gaskiya yake gaya min ba sai in bashi lokaci ya wuce kafin in bude baki.

Sai kuma wani girmamawa da yake cika min zuciya in na tuna duniya shekarunta wajen biliyan 4.5, rai ya fara a cikinta sama da shekara biliyan 3.5, kuma tun daga can har zuwa kaina sarkar bata taba tsinkewa ba ko sau daya, kowanne a cikin kakannina ya rayu har ya haihu ta cikin fari da annoba da kankara, alhali fiye da kashi 99 cikin dari na jinsunan da suka taba rayuwa sun bace. Bishiya da kyanwa da ni duk da haruffa iri daya aka rubuta kwayoyin gadonmu, tunda na san haka ko kadangare bana iya jifa haka kawai. Jemagun nan masu shan jini na kudancin Amurka in daya ya kwana bai samu ba wanda ya samu yana amayo masa daga nasa, kuma sunfi taimakon wanda ya taba taimakonsu, kaga tausayi ma yana da tsohon tarihi a cikin halitta ba jiya muka kirkire shi ba. Abokinka rabin karatun yayi.

Dalibin_Bayoloji ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri gaba daya wlh na karu sosai, maganar sikila da ta Ota Benga sun girgiza ni. Baban Khalifa nagode da nasiha, kuma gaskiya maganar Annabi Adam tafi tsaya min a rai fiye da ta abokina ma. Na taba jin ana cewa wai malaman musulunci ne suka fara maganar juyin halitta tun kafin Darwin, su al-Jahiz da Ibn Khaldun, shin haka ne? Sannan Anti har yanzu abu daya bai sake ni ba, in son da uwa take yiwa danta kwayoyin gado ne suka dasa shi dan su wanzu, to son na gaske ne ko yaudara ce jiki yake mana? Nan ne kullum yake kayar dani.

Mai_Bin_Tarihi ya rubuta:

Maganar tana da tushe amma ana ƙara mata gishiri. Al-Jahiz na Basra a ƙarni na 9 cikin Kitabul Hayawan yayi maganar yadda dabbobi suke farautar juna da yadda muhalli yake tasiri a kansu, Ibn Khaldun kuma a Muƙaddimarsa ta 1377 ya jero halitta mataki mataki daga ma'adinai zuwa tsirrai zuwa dabbobi har ya ambaci birai kafin mutum. Amma wannan jeri ne na daraja, ba bayanin gado da sauyi da tacewa irin na Darwin ba, kada mu ɗora musu abinda basu faɗa ba. Abinda dai yake nunawa shine magabata basu ji tsoron kallon halitta suyi tambaya ba. A yau kuma musulmi masu ilimi ba matsaya ɗaya suke ba, akwai masu ƙin abin ɗungurungum, akwai masu karɓarsa a sauran halittu su keɓe Annabi Adam a matsayin mu'ujiza suna cewa ai haihuwar Annabi Isa ba uba bata rushe ilimin haihuwa ba, wanda kusan nan Baban Khalifa ya tsaya, akwai kuma masu yin tawili su haɗa har da mutum. Wannan kam da malamai zaka zauna. A ɓangaren kiristoci ma Asa Gray masanin tsirrai na Harvard abokin wasiƙar Darwin ne kuma mai riƙo da coci, haka Francis Collins da ya jagoranci aikin karanta DNA ɗin ɗan Adam da aka kammala a 2003, su dai basu ga dole sai sun jefar da ɗaya ba.

Ma'aikaciyar_Lab ta rubuta:

Ƙanena idonka ma ai ta wannan hanyar bayoloji take bayanin samuwarsa, to dan haka abinda kake gani ƙarya ne? Hankalin da abokinka yake kafa hujja dashi shima daga can ya fito a bisa ƙa'idarsa, in asalin abu yana mayar dashi yaudara to hujjarsa ce zata fara faɗuwa. Ita ƙwayar gado bata so bata ƙi, sinadari ce, bata da niyya balle son kai, uwar ce take so, kuma ba lissafin zuriya take yi ba lokacin da take zaune bakin gado ƙarfe ukun dare. Na ga matan da suke jinyar yaran da ba su suka haifa ba, ba dangin iya ba na baba riƙo ne kawai, kuma kukan da suke yi in jikin ya rikice babu bambanci da na wadda ta haifa. Masu zuwa bada jini kyauta ga wanda basu taɓa gani ba kuma ba zasu taɓa gani ba fa? Masana irinsu William Hamilton a 1964 da Robert Trivers a 1971 sun yi bayanin yadda taimakon dangi da cuɗe ni in cuɗe ka zasu iya samo asali, na yarda, amma da zuciyar ta samu sai ta wuce iyakar abinda ya haifar da ita kuma kullum muna gani.

Maganarsa ta cewa manufar rayuwa haihuwa ce kuwa ita tafi ɓata min rai, domin ina ganin matan da suke zuwa gwaji shekara da shekaru suna neman haihuwa, wasu Allah bai basu ba har suka manyanta, kuma cikinsu akwai malaman makaranta da ungozomomi da 'ya'yan mutane da yawa suka tashi a hannunsu. Ya je ya kalli ɗaya daga cikinsu ya gaya mata rayuwarta bata da manufa in zai iya, in ya kasa to shi kansa bai yarda da abinda yake faɗa ba, kuma ina kyautata masa zaton zai kasa. In kun sake zama kada ka tsaya musu dashi akan ƙasusuwa da kuromosom tunda nan bakinku ɗaya, ka tambaye shi a wane gwaji ko wane bincike aka auno cewa bai kamata a tausayawa mai rauni ba, kace ya kawo maka shi ku duba tare.